Jimlar Mama Rifkatu

Jiya ina goge allo na ji ɗayanku yana gaya wa ɗan'uwansa cewa wannan bautar ƙasar da aka turo ku yi a ajin manya hutu ce kawai. Wai me ke ciki? A ba tsoho kalmar Turanci ya saka ta a jimla, ya nuna suna, ya nuna aikatau, a tashi. Har ya ƙara da cewa wayar hannunsa ma za ta iya. Ban tanka ba saboda na san halina, in na fara magana a tsaye ba ta ƙarewa da daɗi. Yau tunda kun riga ɗalibai zuwa, ku ja bencin nan ku zauna. Ba faɗa zan yi muku ba. Ni ma da irin wannan bakin na shigo.

A Gwagwalada na fara, lokacin da rabin Abuja daji ne, sauran rabin kuma ramukan gini. Na fito daga kwalejin horon malamai da takardata, ina iya jero rabe-raben kalmomin Turanci ba tare da na ja numfashi ba. Aka haɗa ni da wani dattijo, Baba Ishaya, mutumin kudancin Kaduna, wanda ke koyar da leburori da yamma a wata firamare bayan yara sun tashi. Ranar farko na miƙa hannu zan ɗauki alli, ya buge mini hannu kamar ɗan aji ɗaya. Ya nuna mini wani tsohon buhu a bayan ƙofa ya ce in ɗauko. Da na zazzage shi a tebur sai ga guduma, cokali, tsintsiya, kwaɗon ƙofa, da takalma guda biyu, ɗaya sabo fil, ɗaya kuwa ya sha duniya. Na ce a raina tsohon nan gwanjo ya zo buɗewa.

Mutanen suka shigo, siminti har a gashin idonsu. Baba Ishaya ya miƙa wa wani magini gudumar ya gaya masa sunanta da Turanci, sannan ya dubi aji ya ce, "Duk abin da za ka ɗaga, ko ka kira shi ya waiwayo, ko ka je can ka dawo, suna ne. Bature ya ce noun." Ya juya ga maginin ya ce, "To, me ake yi da ita?" Mutumin bai yi wata-wata ba ya kwaɗa wa tebur guduma har alli ya yi tsalle. Baba ya ce, "Wannan da ka yi yanzu shi ne verb, shi ne mai aikin cikin jimla." Takalman nan kuwa da su ya koyar da sifa, ya ɗaga sabo ya ɗaga tsoho, ya ce kalmar da ke gaya maka yadda abu yake ita ce adjective. Kafin a kira magariba, maginin nan da bai taɓa zama a aji ba ya miƙe ya ce, "I hit the old table," ya kuma nuna mana mai aikin da ɗan yatsa. Na tsaya baki buɗe.

Na daɗe ina ɗaukar buhu kafin ya bar ni na taɓa alli. A hannunsa na koyi baƙanta allo da garin tsohon batir, da yanka kwalin sabulu a yi katuna, sunaye da baƙin rubutu, aikatau da ja. Kowane ɗalibi zai riƙe kati ɗaya, su jeru a gaban aji har jimla ta miƙe, in wani ya tsaya inda ba wurinsa ba 'yan'uwansa su ja shi da riga. Amma abin da ya fi nanata mini ba na allo ba ne. Ya ce kada in taɓa gyara wa mai furfura kuskure da sunansa a gaban na ƙasa da shi. In ya yi kure, in bari a ɗan jima, in rubuta jimlar a allo kamar daga sama ta faɗo, aji ya taru ya gyara ta. Ya ce babba yana iya jure wahalar Turanci, kunya ce ke korar shi. Na ga mutumin da ke hawa bene hawa na ƙarshe da kwanon kankare a ka, ba ya ko gezau, amma in ya riƙe ɗan katin nan sai ya ɓuya a bayan 'yan'uwansa.

Bayan Baba Ishaya ya koma ƙauyensu, aka mayar da ni Kubwa. Can ɗalibaina direbobi ne da masinjoji da masu gadi, suna sauka daga bas ɗin cikin gari a gajiye su wuce aji ko gida ba su leƙa ba. Waɗannan ba su da haƙurin leburori. Wani direba ya taɓa tare ni ya ce, "Malam, ka bar ni da naun ɗin nan don Allah. Koya mini yadda zan gaya wa oga taya ta yi faci ba tare da ya yi mini ihu ba." Na koya masa, kuma a cikin jimlar tasa ta taya na nuna masa sunan da mai aikin, bai ma san ya koya ba. A Kubwa na gane cewa babba ba ya zuwa aji don Turanci. Akwai wata magana guda da yake so ya faɗa wa wani mutum guda, aikinka ka gano ta.

Da na zo nan Karu ina ganin ba sauran irin ɗalibin da ban gani ba. Sai ga Mama Rifkatu. Dattijuwa ce 'yar Gbagyi, gajeriya, ba ta da yawan magana. Shara da goge-goge take yi a wani asibiti mai zaman kansa tun yana ɗaki biyu, kuma da wannan aikin take riƙe jikokin da ɗanta ya rasu ya bari. Tana zuwa aji da warin maganin goge ƙasa a hannunta, ta zauna a layin gaba ta harɗe hannu.

Makon farko na rubuta "I have a car" a allo na ce kowa ya maimaita. Aji ya ɗauka gaba ɗaya, ban da ita. Na zaci ba ta ji ba ne, na matso na ce, "Mama, ke muke jira."

Ta ce, "Ticha, ni ba ni da mota."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce misali ne kawai, ba wanda zai zo duba gidanta. Ta gyaɗa kai kamar ta yarda, amma bakinta a rufe. Da muka zo kan sifa na rubuta "Musa is lazy," sai ta ɗaga hannu ta ce, "Wane Musa? Musa biyu na sani, ɗaya mai gadi a wajen mu, ɗaya mai tura ruwa. Babu rago a cikin su." Wata rana kuma littafi ya kawo hoton mace da tulu a ka, jimlar tana cewa matar tana ɗaukar tulu a kanta. Ta daɗe tana duban hoton sannan ta ce, "A wajen mu mace ba ya ɗaukan kaya a kai. A kafaɗa ne. Kai na tunani ne, ba a ɗora mishi tulu." Ranar sai da na goge "head" na rubuta "shoulder" kafin ta buɗe baki, kuma ta faɗe ta tsaf ba gargada.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Bayan an tashi na tsayar da ita na yi mata dogon bayani, cewa jimlar aji ba shaida ba ce a kotu, motsa baki ne kawai don harshe ya saba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ticha, in na faɗa da baki na, Allah ya ji. Ko da Turanci ne yana ji."

Na karanta littattafan koyarwa iya gwargwado, ba wanda ya taɓa shirya ni don wannan. Daga ranar na bar ƙirƙira mata jimla. In na ba ta kalma, sai ta tafi da ita ta nemo mata wurin zama a cikin rayuwarta. Wata kalmar nan take ta samu, wata kuwa sai ta kwana da ita kwanaki. Na ba ta "heavy," wato mai nauyi, har na manta, sai ga ta wata yamma tun daga ƙofa tana cewa, "The sick man is heavy," domin ranar ta taimaka an ɗaga wani majinyaci zuwa gado. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, duk jimlar da ta kawo ba ta ƙara mantawa da ita, kuma in ka tambaye ta mai aikin ciki ba ta kuskure, tunda ita ta yi aikin ko a gabanta aka yi. Sauran matan ajin suka fara kwaikwayonta. Ajin ya rage gudu, amma abin da ya shiga ya zauna.

Sai mummunar shekara ta zo. Da farkon damina iska ta yaye rufin ajinmu, ba wanda ya zo gyarawa. Ba a jima ba aka rushe unguwar da yawancin ɗalibaina ke haya, suka watse, wasu Mararaba, wasu Masaka, wasu ban ƙara jin ɗuriyarsu ba. Muka koma rumfar wani mai walda da yake ara mana in ya tashi aiki, allon a jingine da tsohuwar ƙofar ƙarfe, in ruwa ya sauko mu matsu a tsakiya. Ana cikin haka asibitin su Mama Rifkatu ya canja hannu. Sababbin masu shi suka ce kowane ma'aikaci, har mai shara, sai ya ci gwajin Turanci na baka: a ba ka kalma, ka saka ta a jimla nan take, ka faɗi ko wace iri ce. Wanda ya kasa ya nemi wani wurin.

Ban ji tsoron Turancinta ba, don ta fi rabin masu zuwa gwajin. Kalmar "nan take" ce ta hana ni sukuni. Matar da ke kwana da kalma kafin ta samo mata jimlar gaskiya, za a tsayar da ita gaban tebur ana duban agogo. Na zauna da ita muka bi kalmomin asibiti, gado, tsintsiya, likita, zafi, tsabta, kowace muka samo mata jimlar da za ta iya faɗa da zuciya ɗaya. Amma kalmomin Turanci ba su ƙarewa, kuma ba ni zan zaɓa ba.

Ana gobe gwaji na ajiye kunya na roƙe ta. Na ce, "Mama, safiya ɗaya ce. In sun ba ki abin da ba mu shirya ba, ki faɗi duk abin da ya zo bakinki. Ki ce kina da jirgin sama ma in ta kama. Ki tuna da yaran nan."

Ta ce, "Ina tuna da su."

Na ɗaga murya, abin da Baba Ishaya ya hana ni. Na ce taurin kai ne wannan ba tsoron Allah ba, kuma in aka kore ta ba jimlar gaskiya za ta dafa wa jikokinta ba. Mai waldar da ke haɗa kayansa har ya waiwayo. Ita kuwa ko a jikinta. Ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Ticha, kar ka ɓata ranka. Ka koya mini da kyau. Sauran ka bar wa Mai sama." Ta tafi ta bar ni ina huci a rumfa.

Da safe na bi su asibitin. Babbar nas ɗin, wadda kowa ke kira Metiron, ta san ni don ma'aikatanta da dama ɗalibaina ne, ta yarda in zauna a baya kusa da taga bisa sharaɗin ko tari kada in yi. A tebur ita ce da sabon manaja, wani saurayi mai farar riga da kowa ke ce wa oga. An rubuta kalmomin a ƙananan takardu, an nannaɗe an zuba a wani kwanon silba, kowa ya zo ya zaro ɗaya.

Aka fara. Wata ɗalibata ta zaro "beautiful," ta ce gidanta kyakkyawa ne, ta ce sifa ce, ta wuce. Ni kuwa na san gidan nan yana cikin waɗanda aka rushe, a shagon ƙanwarta take kwana. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, haka na koya musu, kuma da ni ne a wurinta abin da zan yi ke nan.

Aka kira Mama Rifkatu. Ta jingine sandar goge ƙasarta a bango, ta goge hannu a zani, ta zaro takarda ta miƙa. Oga ya buɗe ya karanta, "Afraid." Ba ta cikin waɗanda muka shirya. Ta san ma'anarta, tsoro, mun yi ta a aji. Ta tsaya shiru tana duban ƙasa.

Oga ya dubi agogonsa. Metiron ta sunkuyo ta ce a hankali, "Mama, just say anything. Ki ce kina tsoron maciji, ko kare, shi ke nan."

Na runtse ido. Duk asibitin an san in maciji ya shigo ta bayan ɗakin wanki, Mama Rifkatu ake kira, ba mai gadi ba. In akwai gawa ma ita ke shiga ta gyara ɗakin in 'yan mata sun noƙe. Ba maciji, ba kare, ba duhu. Na shiga lalube a raina ko akwai abin da matar nan ke tsoro, ban samo ba. Shirun ya yi tsawo har na ji ana tura keken majinyaci a baranda. Oga ya ɗauki biro ya kai kan takardarsa.

Sai ta ɗago kai ta dube shi ido cikin ido, ta ce da Turanci, kalma bayan kalma, "I am afraid of you, sir, because my grandchildren eat from this work." Wato tana tsoronsa, domin daga wannan aikin jikokinta ke ci.

Ba wanda ya motsa. Biron yana hannunsa bai sauka ba. Ni da na shekara da shekaru ina jin jimloli, na tsofaffi da na yara, masu kyau da karkatattu, ban taɓa jin wadda ta tsaya da ƙafarta kamar wannan ba. Ba kalmar da za ka cire, ba wadda za ka ƙara. Ban koya mata ita ba. Na ba ta kalmomi ɗai-ɗai a ƙarƙashin rumfar walda, ita ta haɗa su a gaban mutumin da abincin gidanta ke hannunsa, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Oga ya yi gyaran murya ya tambaye ta, da murya ƙasa-ƙasa, wace irin kalma ce "afraid" a cikin jimlar.

Ta ce, "Adjective, sir. Yana faɗan yadda nake."

Ya dubi Metiron, Metiron tana duban tebur. Ya yi ɗan rubutu, sannan ya ce da Hausarsa ta 'yan birni, "Mama, ki koma aikinki." Ta durƙusa kaɗan, ta ɗauki sandarta ta fita, don an bar mata ɗakin haihuwa ba a goge ba tun safe.

Da yamma na riga kowa zuwa rumfa, na baƙanta allo da kyau. Ina so 'yan ajin su ga yadda jimla take idan ta cika, mu rarraba ta tare, mu nuna mai aiki da suna da sifa. Da suka zauna na ba su labari, suka yi ta tafi, ita tana layin gaba ta harɗe hannu kamar ba da ita ake ba. Na ɗauki alli na ce, "Mama, ki sake faɗa mana ita yadda kika faɗa da safe, in rubuta."

Ta girgiza kai.

Na ce, "Haba Mama, wannan ai taki ce, kuma gaskiya ce."

Ta ce, "Da safe gaskiya ne, Ticha. Yanzu tsoron ya tafi. Ka ba ni wani kalma."

Na tsaya da alli a hannu ina dubanta. Ranar ban rubuta komai a allon ba.